Unhuan, Mai Taka Birkin Jirage

Taubashina Unhuan ya shiga jiragen sama sun fi gashin kaina yawa, a zamanin da nake da gashi, amma bai taɓa rabuwa da ƙasa ko da kamu ɗaya ba. Shi ya sa nake kiransa Matuƙin Ƙasa. Ɗan goggona ne, ni ɗan kawunsa, kusan sa'o'in juna muke, don haka duk abin da na faɗa a kansa ba shi da inda zai kai ƙara. Sunana Tongsai. Karatuna bai yi nisa ba, a aji huɗu muka sami saɓani da malami a kan wanda ya kamata a yi wa bulala, na bar masa makarantarsa. In kun ga rubutun ya karkace, ku nemi malamin.

Lokacin yaƙi, muna samari, Unhuan ya sami aiki a filin jiragen sama na garinmu Sawannaket. Ya dawo gida yana taku kamar an naɗa shi janar. Da na bincika sai na gano aikin. In za a ja jirgi da tarakta daga rumfa zuwa fili, injinsa a kashe, dole wani ya zauna a mazaunin matuƙi, ƙafafunsa a kan feda, don in ƙarfen ja ya tsinke ya taka birki. In an tsaya kuma ya taka ya riƙe, ba zai ɗaga ƙafa ba, ba zai sauko ba, sai an sa wa tayoyi waigi an bubbuga masa jikin jirgin da tafin hannu. Aikin ke nan. An hana shi taɓa komai.

Sau da yawa sai makanikai su tafi cin abinci su manta da shi. Rana ta dafa shi a cikin gilashin nan kamar shinkafa a kwando, shi kuwa yana nan zaune, ƙafa a kan birki. Na ce masa, "Kai dai sakarai ne. Sauko mana, wa zai gan ka?"

Ya ce, "Ba a bubbuga ba."

To mutumin da aka hana taɓa komai, aka kuma hana shi sauka, me zai yi in ba kallo ba? Ya kalli agogunan da ke gabansa har ya san kowanne da inda yake zama. Gwiwarsa ta san inda take gogar ƙarfe a wannan jirgi, kafaɗarsa ta san faɗin wancan. Har wari ya haddace. Ya ce Dakota, babban nan mai ɗaukar buhunan shinkafa, warin mai da jiƙaƙƙen buhu yake yi, kujeru biyu gefe da gefe kamar mata da miji, kowa da rabin sitiyarinsa. Ƙaramin nan mai leƙen asiri kuwa ta ƙofar gefe ake shigarsa, a matse kamar akwatin gawa. Amma wanda ya fi so shi ne T-28, mai ƙaton hanci, wanda ake hawa ta kan fiffike a zura jiki ta sama, kujera ɗaya gaba ɗaya baya, sanda a tsakanin cinyoyi.

A cikin masu tuƙa T-28 ɗin nan akwai mijin yayarsa Buakeo, wani matashi mai suna Pomma. Mutumin kirki, mai dariya, amma gajere. Gajere fa! In ya tsaya kusa da tayar jirginsa sai ka tsaya kana lissafin wa ya fi wani. Turawan da suka ƙera jirgin don dogayen ƙafafunsu suka ƙera shi. Pomma sai ya cusa matashin kai a bayansa, duk da haka da ƙyar ɗan yatsansa ke kaiwa feda.

Ana nan sai taɓaryar kakarmu ta ɓace.

Ba taɓaryar banza ba ce. Jan katako ne mai nauyi, irin wanda gara ke karya haƙori a kansa, ta gada daga uwarta. Kaka kuwa duk kayanta sai ta ɗora musu tambari da ƙarfe mai zafi, wani zane kamar sawun kaza, saboda ba ta yarda da maƙwabta ba. Da ta nemi taɓarya ta rasa, ba ta tambayi kowa ba, kai tsaye ni ta nufo. Gemu ya fara tsiro mini a lokacin, amma ta bi ni da tsintsiya daga ƙarƙashin gidanmu na kan dirkoki har bakin kogi. Na rantse har yau in hadari ya taso bayana yakan tuna. Unhuan yana tsaye yana kallo, har da girgiza kai, wai, "Tongsai, ka riƙa jin tsoron manya."

Sai ranar da aka ƙona gawar Kaka bisa al'adarmu, shekaru bayan haka, hayaƙi na tashi, ya matso kusa da kunnena ya ce, "Ni na ɗauka." Ashe yanka ta ya yi gida biyu, ya feƙe gefe ɗaya na kowane guntu ya yi shafal, ya huda, ya ɗaure su da noti a kan fedar jirgin Pomma don ƙafarsa ta kai. Na ce, "Sai yau za ka faɗa, da ta zama toka?" Ya ce ai da tana da rai da bai faɗa ba.

Amma kafin wannan ranar, Pomma ya riga ya tafi. Wata safiya ya tashi ya nufi duwatsun gabas, bai dawo ba. Babu wanda ya ga faɗuwarsa. Da yaƙi ya ƙare aka sauya gwamnati, mutane da yawa suka tsallake kogi suka bar ƙasar, kuma shekara da shekaru bayan haka sai ka ji wanda aka fid da rai da shi ya aiko hoto daga Faransa, ya yi tumbi, yana tsaye gaban mota. Saboda haka Buakeo ta ƙi zuba masa ruwa.

Duk ranar ibada, bayan an kai wa sufayen haikali abinci, kowa yakan ɗauki 'yar butarsa ya tsiyaya ruwa a ƙasa a hankali, yana kiran sunayen mamatansa don lada ta isa gare su. Buakeo takan zuba wa uwa da uba da Kaka, sai ta tsaya, ta toshe butar da sauran ruwa a ciki ta koma gida da shi. Ba a zuba wa rayayye ruwa, kamar ka tura shi ne da hannunka. In kuwa ya mutu, to yana can babu wanda ya taɓa aika masa ko ɗigo. Haka ta zauna tsakanin biyun nan fiye da shekara arba'in. Masu neman aurenta suka zo suka gaji, suka tsufa, wasu ma ita ta zuba musu ruwa.

Unhuan kuwa ya koma aski a gindin tsamiya kusa da kasuwa. Da farko ba ya maganar jirgi, don ba lokacin faɗin inda ka yi aiki ba ne. Da duniya ta lafa, wayoyi suka zo, sai abin ya zama wasa. Mutum zai zauna a kujerar aski, ya nemo hoton cikin wani tsohon jirgi a waya, ya rufe sunan da yatsa ya miƙa masa. Kallo ɗaya zai yi, almakashi bai daina motsi ba, ya faɗi sunan jirgin, ya ƙara da inda gwiwa ke bugewa. Wata rana ni da kaina na shirya masa tarko. Na samo hoton wani ɗaki mai tagogi zagaye, babu kujera, babu feda, sai manyan sitiyari biyu irin na jirgin ruwa. Na ce, "To Matuƙin Ƙasa, yau sai ka faɗa."

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "A tsaye ake tuƙa wannan. Sitiyarin gaba na juyawa ne, na gefe na hawa da sauka. Ga igiyoyin sakin ruwa a sama. Wannan jirgin balan-balan ne na Jamusawa, wanda ya fi kasuwar nan tsawo. Wani tsohon makaniki Bafaranshe ya taɓa ba ni labarinsa." Ya miƙo mini wayar, ya ce a hankali, "Ka ga babu birki. Da a can aka haife ni da ban sami aiki ba." Mutumin da ake yi wa aski ya manta rabin kansa ne kawai aka aske, ya tashi yana tafi.

Daga baya yanar ido ta makantar da shi. Wasan hoto ya ƙare. Aski dai bai daina ba, da lalube yake yi, ga masu ƙarfin hali.

Ni sana'ata yawo ce, ina hawa babur zuwa ƙauyukan kan dutse ina saro ayaba da zuma. A wani ƙauye can gabas, inda hanya ke ƙarewa ta bar ka da ƙafarka, na ga kan jirgi a ƙarƙashin rumbun wata tsohuwa. Babu hanci, babu fiffike, babu wutsiya, sai mazaunin matuƙi kawai, kaji na ƙwai a ciki. A daidai lokacin kuma ciwon zuciya ya kwantar da Buakeo. Ta rame, numfashi sai ta nemo shi. Ta ce mana ba mutuwar take tsoro ba, ba ta so ta tafi ta bar ruwan nan a buta.

Na zo na kwatanta wa Unhuan abin da na gani. Na ce girmansa ya kai haikali.

Ya ce, "Kai da ka ce ka kama kifi ya kai ɓauna? Kujera nawa?"

"Kaji sun rufe."

"Totur ɗin ta hagu yake ko a tsakiya?"

"Akwai dai wata kaza mai zafin rai ta hagu."

Ya yi tsaki. "Kai ni."

Buakeo ta ce ƙafarta ƙafarmu. Muka hana, ta ɗaure zaninta ta riga mu shiga a-kori-kura. Inda mota ta gaza, mutanen ƙauye suka ɗauke ta a kujerar gora, ni kuma na ja makaho, ina faɗa masa akwai rami inda babu, don ya ɗan biya bashin tsintsiya.

Tsohuwa mai kajin ta faɗa mini sunanta sau da yawa, harshena ya kasa, don haka Iya nake ce mata. Tana zaune da lofe a baki, ta dube mu sama da ƙasa. Da ta ji abin da ya kawo mu ba ta yi murmushi ba. Ta ce, "Irin waɗannan ne suka ƙone mana gari ina budurwa. A kogo muka zauna kamar jemagu. Wannan da ya faɗo, fiffikensa ya zama rufin ɗaki, cikinsa ya zama cokula, kan kuma babana ya sa ɓauna ta jawo. Ku duba, amma kada ku fasa mini ƙwai."

Na kori kaji, wadda ke hagu ta sare ni. Na kama hannun Unhuan zan ɗora shi, ya fizge. Ya shafa gefen ƙarfen, yatsunsa suka bi wata doguwar hanya a bakinsa. Ya ce, "Nan murfin gilashi ke gudu." Sai ya ɗaga ƙafa ya zura jiki ta sama.

Abin da na gani daga nan, ko ni da aka sani da ƙari ba ni da abin ƙarawa. Tsohon nan da ke tafiya a duƙe, yana zama a cikin kashin kaji bayansa ya miƙe. Hannunsa na hagu ya tafi shi kaɗai ya sauka a kan wani guntun ƙarfe da ya yi tsatsa, bai lalube ba, bai kuskure ba. Na dama ya kama iska a tsakanin cinyoyinsa, daidai inda sanda take a da. Agoguna duk an cire, sai ramuka, amma ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa yana kiran sunansu ƙasa-ƙasa, wannan na gudu, wannan na nisa da ƙasa, wannan na mai, kamar mai gaida tsofaffin maƙwabta. Yaran ƙauye da manyansu suka matso suna kallo. Iya ta cire lofe daga baki. Ni kaina gashin jikina ya tashi, wanda ya rage.

Ya ce, "T-28 ne. Kujerar gaba."

Buakeo ta dafa ƙirji. Ya tuɓe takalmansa, ya miƙa ƙafafu can ciki, ya shafa fedar da yatsun ƙafa. Sai ya tsaya.

"An huda su."

"Shi ne?" in ji Buakeo. "Unhuan, shi ne?"

"Yaya, huda dai an yi, katakon babu. Amma gajeru suna da yawa a lokacin. Ni kaina na yi wa wasu, a wasu filayen ma ana yi. Ba zan ce shi ne ba."

Buakeo ta juya wajen Iya ta tambaye ta mutumin da ke ciki fa. Iya ta nuna wata bishiya a bayan gari da lofenta. "Can muka binne shi. Mamaci mamaci ne, ko na wa ne. Ƙaramin mutum ne. Fuska kuwa kada ki tambaye ni, 'yata, wuta ta riga mu."

Na dubi Buakeo. Na sunkuya wajen kunnen Unhuan na ce, "Kai, ka ce shi ne mana. Matar nan ba za ta ga wata damina ba. Wa zai sani?"

Ya ce, "In yana raye fa? Ni zan sa ta tura shi?"

"Kai dai kanka ya fi taɓaryar Kaka tauri."

Bai kula ni ba. Ya bar ƙafafunsa a kan feda. Buakeo ta zauna a kan wani kututture, 'yar butarta a cinya, ashe ta taho da ita cikin zani.

Iya dai ba ta son mu, amma ba a barin baƙo ya sauka dutse da yunwa. Ta ɗora shinkafa mai danƙo, ta fere ɗanyar gwanda, ta jawo turmin kwaɗo ta hau daka da barkono da romon kifi. Ni kuwa ko ana makoki cikina ba ya makoki, sai na matsa don in ga yawan barkonon. Nan na ga abin da take daka da shi, wani gajeren dunƙulen katako, baƙi ƙirin don tsufa, gefe ɗaya a shafe.

Na ce, "Iya, duk dajin nan ba a sami itacen da za a sassaƙa miki taɓarya ba? Wannan ai kamar ƙafar kuturu."

Ta ce, "Rufe mini baki, mai tumbi. Na kashe turame da ita ban kashe ta ba. Daga ƙarƙashin ƙafar mutumin can babana ya kwance ta. Biyu ne, ɗayar ambaliya ta tafi da ita. Abu ɗaya ke nan mai amfani da sama ta taɓa jefo mana."

Ban san lokacin da na fizge ta daga hannunta ba. Na ruga tana ɗigar da barkono, Iya na bina da zagi, na danƙa wa Unhuan.

Ya auna nauyinta a tafin hannu. Babban yatsansa ya bi gefen da aka feƙe, ya sami hudar noti da tsohon barkono ya toshe. Ya juya ta, ya goge gindin da bakin rigarsa, ya kai farce yana bi a hankali. Na leƙa. Daka ya cinye rabin tambarin, amma yana nan, sawun kaza na Kaka, yatsu a baje. Ya sunkuya ya ɗora katakon a kan fedar dama, ya zauna daram kamar jiya aka cire shi.

Ya ce, "Yaya." Ya sake cewa, "Yaya Buakeo, zuba masa."

Ya kai hannu ya share ido, hannun da ya sha barkono. Hawaye suka ɓalle kamar an buɗe famfo. Ya ce barkonon ne. Na ce to.

Buakeo ba ta yi kuka ba. Ta miƙe da kanta ba wanda ya kama ta. Na ce babu sufi a ƙauyen nan da zai yi karatun. Ta ce ta ji karatun nan ya isa ta yi shi ko cikin barci. Iya ta tsaya tana kallonta, sannan ta kakkaɓe hannu ta ce, "Taho, 'yata, ƙasa da santsi." Ta riƙe mata gwiwar hannu har gindin bishiyar. Wataƙila mutumin da ke kwance a wurin ne ya ƙone rumbun ubanta, ta sani, mu ma mun sani, amma ita ta share ganyen da ke wurin da ƙafarta.

Buakeo ta durƙusa ta cire toshiya. Ruwan ya sauko siriri kamar zare. Ta kira sunansa, Pomma, da ƙarfi, yadda ake kiran miji abinci ya sauka. Ta yi ta tsiyayawa har ya ƙare, ta kifa butar, ta girgiza ta, ta jira ɗigon ƙarshe ya faɗi. Ƙasa ta shanye. Sannan ta ce tana jin yunwa.

Da muka dawo na ce a ba ni taɓaryar, ni na biya ta da fatar bayana. Iya ta karɓe abarta ta ɗaga ta sama, ta ce in matso in karɓi saura. Buakeo ta yi dariya har da tari, ta ce a bar wa Iya, ai ita ta kula da Pomma duk shekarun nan. Aka ƙarasa kwaɗon da ita, muka ci, barkono kamar zai tsaga kai.

Sai da na kai loma ta ƙarshe na lura babu Unhuan a tabarma. Na waiga. Yana can cikin kan jirgin, bayansa a miƙe, ƙafafu biyu a danne kan birki, kaji sun kewaye shi suna jiran wurinsu. Tun lokacin da Buakeo ta tafi gindin bishiya ya taka, bai ɗaga ba.

Na buɗe baki zan ce masa sakarai. Na rufe. Na je na tsaya a gefen jirgin, na bubbuga ƙarfen da tafin hannuna.

Ya ɗaga ƙafafunsa, ya miƙo mini hannu. "Ka rage mini shinkafa, ko ka cinye?"